Minti Ɗaya na Shiru a Shagon Ɗan Kawu

"...lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya Kawu? Ya ƙafar tasa?"

"Da sauƙi. Ya Gwaggo? Har yanzu tana fama da ciyar da ke?"

Ko zama ban yi ba ya fara. Ɗan kawuna ne, taubashina, ya girme ni da shekara huɗu. Shagonsa ɗan tsukuku ne a bakin titi, mai walda a damansa, mai facin taya a hagunsa, shi kuma a tsakiya yana haɗa wa samari kwamfutocin wasa. A gida Shiru ake kirana, don ko baƙo ya gaishe ni sai na rasa inda zan ajiye idona. A gaban wannan mutumin kaɗai bakina ke buɗewa, kuma ba alheri ke fitowa ba.

Abin da ya kai ni ranar ba wasa ba ne. Da safe ina aiki a ofishin wani kamfanin jigilar kaya, ina buga wasiƙu da jadawalin direbobi, rabin aikin a gida nake ƙarasa shi. Da yamma ina haɗa kiɗa a ɗakina. Wani ƙaramin gidan rediyo ya ba ni gwaji, kiɗan buɗe wani shiri na lafiyar iyali, da muryata a kai. Na yi na aika, mai shirin ta dawo mini da shi. Ta ce kiɗan ya yi mata, amma akwai ƙugi a ƙarƙashin muryar, kamar a gindin firji aka ɗauka. Fankar tsohuwar laftof ɗina ce. Ta ba ni zuwa Alhamis, in ban kawo mai tsabta ba ta ba wani. Ranar kuwa Talata ce.

Ya ce, "Me ya kawo baiwata shagon ubangidanta da sassafe? An kore ki daga ofis ne?"

"Na zo in ga ko hukuma ta rufe wannan bolar. Ashe har yanzu ba su gano ka ba."

"Bola? Wurin da manyan injiniyoyi ke cire takalmi kafin su shigo?"

"Suna cirewa su riƙe a hannu. Sun san hali."

"Allah ya shirye ki. Zauna, amma kada ki taɓa komai, hannunki ba shi da albarka."

Na kawar da wani tulin wayoyi daga kan benci na zauna, na faɗa masa abin da ya faru, sannan na miƙa masa takardar da na kwana biyu ina rubutawa ina gogewa. Ya riƙe ta nesa da fuskarsa kamar tana wari, ya karanta da ƙarfi don mai faci ma ya ji.

"Furosesa mai ƙarfi. Ram mai yawa. Faifan ajiya wanda ba ya juyawa. Fanka babba guda ɗaya. Ban da katin hoto. Ban da fitila." Ya ɗago. "Wannan takardar kwamfuta ce ko ta asibiti? Kin hana ta komai, sai ka ce mai hawan jini."

"Haka nake so."

"Ke me kika sani? Zo ki ga abin da ake kira kwamfuta."

Ya janye wani ƙyalle daga kan teburinsa. Akwati ne mai bangon gilashi, da fankoki shida a ciki, kowace da zoben fitila. Ya danna, suka fara juyawa, ja ya koma kore, kore ya koma shuɗi. Ya ja da baya ya harɗe hannu kamar uban da ɗansa ya ci jarrabawa.

"Irin wannan zan haɗa miki. Duk wanda ya shigo ɗakinki ya ga wannan, ko bai yi niyya ba sai ya durƙusa ya gaishe ki."

"Ni kiɗa zan haɗa, ba gidan rawa zan buɗe ba."

"Dubi katin hoton nan. Ɗauke shi ki ji nauyi. Ya fi ki amfani, ya kusa fin ki nauyi."

"Wasiƙa nake bugawa da jadawalin direbobi. Wane hoto? Ɗan abin da ke cikin furosesa ya ishe ni. Abin da za a kashe a kati a mayar mini da shi ram, in jera kayan kiɗa ashirin ba ta shaƙe ba."

"Kayan kiɗa ashirin! Ke da ko tafi ba ki iya ba? Ranar saukar karatun ƙanwata kowa na tafi a tare, ke kina binsu a baya kamar mai kashe sauro."

"Kai kuwa ranar ka yi waƙa, jaririn maƙwabta sai da aka kai shi asibiti."

"Murna ce ta yi masa yawa."

"Ni dai abu ɗaya nake nema, ɗan Kawu. Kada ta yi ƙara. Wannan taka tana ƙugi."

Sai ya dafe ƙirji. "Ƙugi? Wannan? Saurara!"

Ya kara kunnensa a jikin gilashin, ya ɗaga mini yatsa. A daidai lokacin mai walda na yankan ƙarfe, injin iskar mai faci na tari, babura na wucewa.

"Kin ji wani abu?"

"Ina jin mai walda. Ina jin mai faci."

"To ita fa?"

"Ita ma tana ciki. Ita ce ke yi musu amshi."

"Wallahi shekarata goma sha ɗaya a shagon nan, ban taɓa haɗa kwamfuta mai ƙara ba. Tambayi kowa."

Da na dubi fuskarsa sai na gane ba zolaya yake ba. Da gaske ba ya ji. Shekara goma sha ɗaya tsakanin walda da faci, kunnensa ya daina lissafa duk abin da bai kai ƙarar guduma ba. Su kuma samarin da yake haɗa wa, bindigogi suke harbawa a cikin wasanninsu, ba wanda ya taɓa dawowa da ƙorafi.

Na ce, "Ina ɗakin da kake ajiye kaya?"

"Me za ki sata?"

"Ɗauko ta ka biyo ni."

Ɗakin yana bayan shagon, ba taga, kwalaye sun hau juna har rufi. Da muka rufe ƙofa sai ƙarar titi ta koma can nesa. Na fito da makirfo daga jakata, da ɗan akwatin sautin da ake jona shi a ciki, da hedifon. Na jona su a kwamfutar tasa, na tsayar da makirfon a kan kwali, nisan da teburina yake da inda nake tsayawa in yi magana a ɗakina.

"Minti ɗaya nake so. Zan ɗauki shirun ɗakin. Kada ka ce uffan."

"Minti ɗaya kawai? Ni da nake yini ban yi magana ba?"

"Yaushe?"

"Ranar da aka cire mini haƙori."

Na danna. Daƙiƙa bakwai ya yi.

"Ya isa haka?"

"Ka ɓata. A sake."

Na sake dannawa. Ya kama leɓensa da yatsu biyu yana zare mini ido. A daƙiƙa ta ashirin wayarsa ta ɗauki ruri. Na karɓe ta na kashe na sa a jakata. A karo na uku mun kusa rabi, gumi na bin wuyanmu, sai na ji wani dogon gurnani a hedifon, ya hau sama ya sauko.

"Me ka ci da safe?"

"Ban gane ba."

"Cikinka ya shiga rikodin."

"Ƙarya kike! Kwamfutar ce."

"Yanzu ka yarda tana ƙara ke nan?"

"A'a... to, cikina ne. Amma cikin mai daraja ne, ki ajiye, wata rana za a nema."

Na cire hedifon na ɗora masa a kai. Na ɗan ƙara murya. Ya ɗaga gira, ya waiga ƙofa.

"Wa ya tayar da janareto?"

"Ba kowa."

Ya cire, ya saurara. Ya mayar. Ya sake cirewa, ya dubi kwamfutar tana ta canza launi abinta, ya sake mayarwa. Sau uku. Bakinsa ya ɗan buɗe.

"Makirfonki ne maƙaryaci. Halin gidanku ne."

"Gidanmu da gidanku kaka ɗaya."

"Ta wajenku abin ya fi tsanani."

Amma bai cire hedifon ba. Ya durƙusa, ya kwance gilashin, ya sa ɗan yatsa ya tsayar da fanka ɗaya yana saurare. Ya saki, ya tsayar da ta biyu. Daga nan na zauna a kan kwali ina kallon hannunsa. Duk surutunsa, in ya kama sukundireba wani mutum yake komawa. Ita kanta tsohuwar laftof ɗin da ta ja mini wannan wahalar, shi ya haɗa mini ita daga gawarwakin wasu guda uku, makon da zan shiga jami'a, ya kawo ta gidanmu a cikin leda ya ce wa Inna wai a kwata ya tsinta. Da ita na yi karatuna gaba ɗaya. A kanta na fara jera sauti.

Ya kashe, ya zare katin hoton, ya mayar da wayar allo jikin madabod, wato farantin da duk kayan ciki ke manne a kai, ya kunna.

"Kai! Rabi ya tafi." Ya dubi katin a hannunsa kamar abokin da ya ci amanarsa. "Ashe kai ne munafukin."

"Sauran fa?"

"Yi mini shiru, ina aiki. Akwai wani abu yana ƙas-ƙas kamar ɓera a kwali."

"Faifan ajiya ne, mai juyawa. Yana cikin takardata, layi na uku."

"Ban tambaye ki ba."

Ya fita shago ya dawo da wani faifan ajiya ɗan siriri kamar tsinken cingam, ya canza, ya ɗauki lokaci yana mayar da abin da ke kan tsohon. Ɓera ya mutu. Ya cire wayoyin fankokin nan shida ɗaya bayan ɗaya, fitilu suna mutuwa, yana yi wa kowace ta'aziyya.

"Allah ya jiƙanki, kin yi haske a zamaninki. Ke ma haka. Wata baƙar 'yar gwaggo ce ta yi ajalinku."

"Saura ta kan furosesa."

"Wannan dole ce, in ba so kike ki dafa shayi a kanta ba." Ya saurara, ya yamutsa fuska. "Amma kuka take kamar sauro."

"Don ƙarama ce. Ƙarama sai ta yi gudu kafin ta sanyaya. Babba a hankali take juyawa, iskarta ta fi yawa, ba a jin ta."

"Wa ya faɗa miki?"

"Karantawa na yi."

"Karatu! An kai ki jami'a kin dawo kina koya wa mai shago fanka. Laifina ne, da na bar ki da biro da takarda." Ya yi tsaki, ya miƙe. "Akwai wata babba da na sayo wa tawa ta gida, ban samu lokacin ɗaurawa ba. Aro zan ba ta, don gwaji kawai. Kada ki sa rai."

Ya kawo ta. Faɗinta ya kai tafin hannunsa a buɗe, tana manne da wani tulin siraran ƙarafa. Ya goge kan furosesa da auduga, ya ɗiga man da ake sawa, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake, ya ɗaure sukurori huɗu a gicciye. Da ya kunna sai sauro ya ɓace. Na karɓi hedifon na saurara. Saura kaɗan, wani siririn huci, kamar mutum na barci a ɗakin da ke kusa.

Na ce, "Har yanzu mai shirin za ta ji wannan."

"Wace irin mace ce wannan? Kunnen jemage gare ta?"

"Aikinta ke nan."

Ya tsaya yana kallon akwatin gilashin. Duk jikinsa huda ne, sama da gaba da baya, don a ga fitilu iska ta wuce. Ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya ce, "Wannan ai kwando ne. Duk abin da aka yi a ciki sai unguwa ta ji." Sai ya bugi goshinsa ya fita. Na ji yana jan wani abu a ƙarƙashin teburin aikinsa yana nishi. Ya shigo da wani baƙin akwati mai nauyi, ba gilashi, ba ado, samansa duk sawun takalmi.

"Wani lauya ne ya sa na kawo masa, da ya gani ya ce ya yi kama da akwatin gawa. Shekara biyu ina ɗora ƙafa a kai." Ya buɗe gefensa. Cikin an lulluɓe shi da baƙin soso mai kauri. "Mummuna ne, ba ya magana, ba mai so. Kun dace."

"Kuma shi kaɗai ne mai amfani a shagon. Mun dace ɗin."

"Ki ji fitsara. A cikin shagona!"

Ya janyo ƙofar shagon rabi. Tun kafin azahar yake wannan aiki har bayan la'asar, salla kaɗai ta tashe shi. Ya zaɓo madabod da furosesa sababbi daga kan kanta, ya sa ram sanda biyu, ya canza akwatin wuta da wanda fankarsa ba ta tashi sai aiki ya yi nauyi. Samari biyu suka leƙo da kwamfutarsu, ya ce su dawo gobe, yau yana jinyar wata marar lafiya 'yar dangi.

Ɗayan ya ce, "Allah ya ba ta lafiya. Me ke damunta?"

"Ciwon kunne. Komai ji take."

Ni ce mai riƙe masa fitila da miƙo sukurori. Sau biyu na miƙo wanda ba shi ba.

"Digiri guda, amma sukuru ya gagare ki."

"Ba a koya mana aikin bola ba."

"Haska nan, ba hancina ba."

"Shi ne ya tare hasken."

Ya ɗaure wayoyin ciki ɗaya-ɗaya ya kwantar da su a bayan madabod, inda ba mai gani in an rufe. Na ce masa ba sai ya wahala ba. Ya ce iska ba ta son cin karo da waya, kuma ba zai yarda a buɗe aikinsa wata rana a zagi Kawu ba.

Da aka gama muka koma ɗakin kaya muka rufe ƙofa. Ya karɓe hedifon ya ce shi ne injiniya, shi zai fara ji. Na danna maɓalli. Allo ya kawo. Na buɗe manhajar ɗaukar sauti na fara ɗauka. Layin da ke nuna ƙara ya miƙe sambal kamar zare.

Ya ce, "Kin kunna kuwa?"

"Ga allo a gabanka."

Ya zagaya bayan akwatin ya kara tafin hannu, ya ji iska mai ɗumi na fita a hankali. Ya girgiza kai.

"Tana aiki, ba ta faɗa wa kowa ba. Wannan ba tarbiyyar shagona ba ce."

"Saura muryar. Fita waje."

"In je ina? Haka kawai in bar ki da kayan mutane?"

"Ba na iya yi a gaban mutum."

"Yau kuma na zama mutum? Ci gaba ake samu."

Ba yadda na iya. Na ɗora kiɗan daga ɗan faifan da na zo da shi, na juya masa baya na fuskanci kwalaye. Sarewa ta shiga, ganga ta biyo ta a hankali, na rera ɗan layin da na tsara, na faɗi sunan shirin, na jira kiɗan ya sauka. Da na juyo yana zaune a kan kwali, ya dafe hedifon da hannu biyu, yana kallon ƙasa.

"Sake sa shi," ya ce.

Na sake. Ya ji har ƙarshe.

"Wa ya yi miki waƙar?"

"Ni."

"A'a, tsakani da Allah. Wa kika ɓoye a cikin jaka?"

"Ɗan Kawu."

"Shekara ashirin da biyar ana ciyar da ke a dangi, ashe da wannan a bakinki kika bar mu muna sauraron zagi?" Ya share fuska da gefen riga. "Zafi ne. Ɗakin nan ba iska."

Na tura wa mai shirin daga nan inda nake zaune. Na ce a raina sai gobe in Allah ya kai mu, in ta samu lokaci. Ban kai ga ajiye wayata ba saƙonta ya shigo: "Wannan ne. Tas yake. Ki shigo Alhamis mu yi magana a kan sauran shirye-shiryen." Na karanta sau biyu, na miƙa masa wayar. Ya karanta, ya yi wata dariya har kwalaye suka amsa.

"Shi ke nan, na sallama! Takardar asibitinki ta yi gaskiya. Kin kayar da ni a cikin shagona, a gaban kwalayena."

Na buɗe jaka. Ya ɗaga hannu.

"Kayan kan kanta ki biya, ni ba gidan marayu na buɗe ba. Amma akwatin nan da babbar fankar da aikin hannuna, ɗauki, na ba ki."

"Fankar ta gidanka ce. Ka ce aro."

"Tawa ta ci gaba da kukanta, ai ba ji nake ba. Sharaɗi ɗaya, kada ki faɗa wa Gwaggo. Za ta ce na yi hankali, ta fara aikena."

Ya juya yana tattara sukundirebobinsa. Tun muna yara ban taɓa yi masa godiya ba, shi ma bai taɓa yi mini ba, tsakaninmu wanda ya fara ya faɗi. Na sunkuya kamar ina gyara jaka, na faɗa can ƙasan maƙoshi, yadda ko ni da ƙyar na ji.

"Na gode, Yaya."

Bayansa ya sandare. Ya juyo a hankali. Sai a lokacin na ga hedifon na kansa har yanzu, makirfon kuma yana daidai bakina.

"Me kika ce?"

"Ban ce komai ba."

"Yaya! Ta ce Yaya!" Ya nuna allo. Jan ɗigon ɗauka na nan a kunne, ban san lokacin da gwiwar hannuna ta danna shi ba. A kan miƙaƙƙen layin nan ga wasu 'yan tuddai uku ƙanana. "Ga shi nan! Ba ƙugi, ba sauro, ba ɓera. Tas!"

"Cikinka ne."

"Cikina bai iya ladabi haka ba. Turo mini shi yanzu. Shi zan sa a ƙarar wayata, duk dangi sai sun ji."

"Gogewa zan yi."

"Goge mana. Ni na haɗa ta, na san inda take ɓoye abin da aka goge."

Na rufe fuska da mayafi, dariya ta ƙwace mini. Ya kashe kwamfutar, ya saɓa baƙin akwatin a kafaɗa, ya tura ƙofa da ƙafa.

"Taho in tare miki mota, ƙanwata. A hanya ki sake faɗa, ɗazu ban ji sosai ba. Kin san kunnena."